Cin Abinci a Gidan Abincin Unguwa a Birnin Rum

A ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gidan abinci da ake kira trattoria. Ana furta kalmar kamar haka: tiratoriya. Gidan abinci ne na unguwa, kuma galibi iyali ɗaya ne ke riƙe da shi. Za ka tarar uwa tana girki a madafa, maigida yana karɓar baƙi, 'ya'ya kuwa suna kai abinci. Teburansa kaɗan ne, girkinsa irin na gida ne, yawancin masu zuwa kuma maƙwabta ne. Ya bambanta da ristorante, wato babban gidan abinci mai ƙawa da tsada.

Ɗalibi, a wannan darasi za mu shiga irin wannan gida a unguwar Testaccio ta birnin Rum, babban birnin ƙasar. Sunan unguwar ana furta shi Testacho. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda bai san tsarin gidan ba yana iya kwana da yunwa, ko ya kashe kuɗi fiye da ƙima, ko ma ya ci abin da addininsa ya hana shi.

Da farko ka kula da lokaci. Ana cin abincin rana daga wajen ƙarfe 1:00 zuwa ƙarfe 3:00. Daga nan sai a rufe madafa, ba za a sake buɗewa ba sai wajen ƙarfe 7:30 na dare. Idan ka zo da la'asar, ƙofa a kulle za ka samu. Yawancin waɗannan gidaje suna da ranar hutu ɗaya a mako, kuma da yawa sukan rufe a tsakiyar watan Agusta, lokacin babban hutun da ake yi ranar 15 ga watan.

Da shigarka sai ka yi gaisuwa, ka tsaya har a nuna maka wurin zama. Mai kawo abinci zai fara tambayar ka irin ruwan da kake so: naturale, wato ruwa zalla, ko frizzante, wato ruwa mai gas. Sannan ya miƙo maka takardar jerin abinci. A nan ne baƙo ya fi ruɗewa.

Mu a Nijeriya mun saba a zuba shinkafa, a sa miya, a ɗora nama, duk a faranti ɗaya. Mutanen Italiya kuwa daki-daki suke ci. Ana farawa da antipasto, ɗan abin taɓawa kafin babban abinci, kamar gasasshen burodi da tumatir da man zaitun. Bayansa sai primo, ma'ana "na farko", wanda yawanci taliya ce, ko shinkafa, ko miya mai ruwa. Sai secondo, "na biyu", wato nama ko kifi. Ka lura da kyau, domin idan ka ce a kawo maka nama, nama kaɗai za a ajiye a gabanka. Dankali ko ganye sai ka nema daban, sunansa contorno, kuma kuɗinsa daban. A ƙarshe akwai dolce, wato kayan zaƙi, sannan kofi.

Ba dole ne ka ci duka ba. Su kansu 'yan ƙasar ba sa bin jerin daga farko har ƙarshe sai ranar Lahadi ko ranar biki. Taliya da ganye sun ishe ka, ko abin taɓawa da nama. Baƙon da ya nemi komai don gudun jin kunya, cikinsa da aljihunsa ne za su sha wahala.

Taliya ba baƙuwar kalma ba ce gare ka a Hausa, kuma ka ji yadda ta yi kama da sunan ƙasar a kunne. Amma dahuwarta a can daban ce. Ba a barin ta ta yi luguf. Ana sauke ta tana da ɗan tauri, yadda haƙori zai ji ta. Wannan shi ake kira al dente. Kada ka mayar da ita ka ce ba ta dahu ba. Miyarta ma kaɗan ce, iyakar abin da zai shafe ta. Ana naɗe doguwar taliya da cokali mai yatsu, ba a yanka ta da wuƙa. Tumatirin da ake yin miyar da shi kuwa ba ɗan asalin Italiya ba ne. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16.

Me ya sa muka zaɓi Testaccio? Domin tarihin unguwar yana cikin tukunyarta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 babbar mayankar birnin Rum tana nan, har zuwa shekarar 1975 da aka rufe ta. Idan an yanka sa, akan raba namansa kashi huɗu, masu hali su saye. Abin da ya rage, wato kai da ƙafa da wutsiya da kayan ciki, shi aka sa wa suna quinto quarto, "kashi na biyar cikin huɗu". Sunan wasa ne, domin ba a samun na biyar a cikin huɗu. Wannan kashi shi ne rabon mahauta da talakawan unguwa. Matansu suka ƙware wajen sarrafa shi, har ya zama abincin da birnin yake alfahari da shi a yau. Akwai tumbi da ake dafawa da tumatir da na'ana'a da cuku. Akwai wutsiyar sa da ake dafawa sa'o'i da yawa a wuta kaɗan-kaɗan, har naman ya saki ƙashi. A ganina, duk wanda ya saba da farfesun kayan ciki ba zai ji baƙunci a wannan tebur ba, sai dai ya yi kewar barkono.

Wasu gidajen har yanzu suna bin wata tsohuwar al'ada ta kwanakin mako. Ranar Alhamis a yi gnocchi, 'yan ƙananan curi na dankalin turawa da fulawa. Ranar Asabar a yi tumbi. Ranar Juma'a kuwa kifi ake ci, saboda al'adar mabiya ɗariƙar Katolika ta ƙaurace wa nama a ranar. Kifin da aka fi sani shi ne baccalà, wanda ake adanawa da gishiri. Ɗan'uwa ne ga busasshen kifin nan na ƙasar Norway da Ibo suke kira okporoko.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga wanda ba ya cin naman alade ko shan giya. Sunan abinci ba ya nuna duk abin da ke cikinsa. Taliyar da ake kira carbonara ta shahara ƙwarai. Ana yin ta da ƙwai da cuku da masoro da guanciale, wanda naman kumatun alade ne. Haka ma amatriciana, ko da yake a ido miyar tumatir ce kawai. Prosciutto da pancetta su ma naman alade ne. Ita kanta wutsiyar sa sau da yawa da kitsen alade da giyar inabi ake dafa ta. Saboda haka ka riƙe kalmomi uku: maiale shi ne alade, vino ita ce giya, senza kuma na nufin "ban da". Matambayi ba ya ɓata. Idan kana son taliya marar nama, ka nemi cacio e pepe, wadda cuku da masoro ne kaɗai a cikinta, ko kuwa ta tumatir zalla.

Idan miya ta rage a faranti, kana iya gutsuro burodi ka suɗe ta. Suna kiran wannan scarpetta, kuma a gidan abincin unguwa ba abin kunya ba ne. Mai girki ma daɗi za ta ji. Kofin bayan abinci baƙi ne mai ƙarfi a ɗan mitsitsin kofi. Mai madara, wato cappuccino, na safe ne a wurinsu.

Ka gama ci, ka jira, amma ba wanda ya kawo maka lissafi. Kada ka zaci an manta da kai. A wurinsu kawo lissafi tun ba a nema ba tamkar korar baƙo ne. Kai ne za ka ɗaga hannu ka ce, "Il conto, per favore," ma'ana "A kawo lissafi, don Allah." A garuruwa da yawa za ka ga an ƙara wani ɗan kuɗi a kan kowane mutum, ana kiransa coperto, wato kuɗin zama a tebur. A yankin birnin Rum doka ta hana shi, sai dai akan caji kuɗin burodin da aka ajiye maka. Kuɗin ƙasar Yuro ne. Tukuici ba dole ba ne, amma idan ka ji daɗin hidima kana iya barin 'yan canji a kan tebur, ka ce grazie, wato na gode, ka kama hanya.