Idan Baƙin Mai da Ruwa Suka Haɗu a Injin Gingimari

Mu da muke zaune a ƙasar Kazaure mun saba ganin manyan motoci masu shan gas a hanyar Kano zuwa Daura, wasu kuma suna ɗebo hatsi daga Roni, Gwiwa da Ɓaɓura. Cikin injinsu baƙin mai da ruwan lagireto kowa da hanyarsa. Ran da suka gauraye, in ba a lura ba, sai injin ya buga.

Abin da ya kamata mu fara tambaya shi ne, wanne ya shiga gidan wani? In mai ne yake yawo a bakin lagireto, a fara zargin abin sanyaya mai, wato oyil kula, domin sa'ad da injin ke aiki mai ya fi ruwa ƙarfin turi. In kuwa an zaro geji aka ga man ya koma kamar shayi mai madara, to ruwa ne ya sauka. Sau da yawa gaskit ne ya ƙone, ko kan injin ya tsage saboda zafi, musamman da bazara. Farin hayaƙi daga salansa da kumfa a lagireto suna ƙarfafa wannan zargi.

Akwai gwaji mara tsada. Bayan mota ta kwana, a sassauta noti na ƙarƙashin injin kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. Amma kada a buɗe lagireto da zafi, tururinsa yana saɓule fata.

A ganinmu, canza mai kawai ɓarnar kuɗi ce. Sai bakanike ya toshe kafar, ya wanke hanyoyin biyu, kafin a sake ɗora kaya.