Kifin ado a gida: sosan tace ruwa ba ya son tsabtar da ta wuce kima

Yawancin waɗanda suka sayi akwatin gilashi na kiwon kifin ado sukan ɗauka aikin matacin ruwa shi ne ya kama datti kawai. Da sun ga soso ya yi baƙi sai su kai shi bakin famfo su dirje shi, wasu har da sabulu, su mayar. Bayan ƴan kwanaki kifaye su fara taruwa a saman ruwa suna haki, ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa, alhali ruwan garau yake a ido.

Abin da ke kashe su ba ya ganuwa. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta, kuma guba ce ko da kaɗan ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya ta zama nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da nitirit ya zama nitirat, mai sauƙin illa, wanda ake rage shi ta canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi cikin ruwa ba. Manne suke a jikin soso da duwatsu da duk abin da ruwa ke ratsawa a cikin matacin. A sabon akwati sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa ba a cika shi da kifi tun ranar farko. Ruwan famfo kuwa yana ɗauke da kulorin, wanda aka zuba domin ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma bai san na kirki da na banza ba.

Wajen zaɓen kayan ciki, soso ne kan gaba. Mai manyan ƙofofi ake sawa inda ruwa ke fara shiga don ya tare babban datti, sannan mai ƙanana ko audugar roba ta biyo baya. Bayan su sai kayan da aka yi musamman don zaman bakteriya: ƴan zobban yumɓu da aka gasa, ko tsakuwar dutsen aman wuta mai huji-huji. Ga ƙaramin akwati mai kifi kaɗan, soso mai kyau shi kaɗai ya wadatar, ba sai an kashe kuɗi kan zobba masu tsada ba. Sai dai a guji sosan wanke-wanke na kasuwa, domin wasunsu an sa musu maganin kashe ƙwayoyi tun daga masana'anta.

Gawayin da ake sayarwa da sunan «charbon actif» yana zuƙe wari da launin rawaya, amma cikin ƴan makonni yake cika ya daina aiki. Ba dole ba ne. Idan ana yi wa kifi magani ma, wajibi ne a cire shi, in ba haka ba zai shanye maganin. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa.

Wankin kansa ba wuya. Ranar canjin ruwa, wanda ake so ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 a mako, a tara tsohon ruwan akwatin a bokiti, a matse soson a ciki sau biyu ko uku, a mayar da shi da sauran duhunsa. Raguwar ƙarfin ruwan da ke fitowa ita ce ke nuna lokaci ya yi, ba launin soso ba. Audugar roba ana jefar da ita in ta toshe. Soso da zobba kuwa suna yin shekaru, kuma in soso ya fara ruɓewa a sauya rabi, a bar rabi na wasu makonni. Kamfanoni da dama suna rubuta a kwali cewa a sauya kayan ciki duk wata. Wannan shawara ta fi amfanar mai sayarwa. Sabon ruwan da za a zuba a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, ko a ɗiga masa maganin kashe kulorin, wanda ya fi tabbas.

Ga mai kiwo a Yamai ko Maradi ko Garwa, ɗaukewar lantarki lokacin bazara ita ce babbar barazana. Bakteriyar nan da iskar oksijin suke rayuwa, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe ta da yawa, sannan gubar amoniya tana ƙaruwa da zafi. In wuta ta yi sa'o'i ba ta dawo ba, a ciro soso da zobba daga rufaffen mataci a tsoma su cikin akwatin, a dakatar da ba da abinci, a riƙa ɗiban ruwa da kofi ana zubo shi daga sama don iska ta shiga. Kafin a sake kunna matacin, a zubar da ruwan da ya tsaya a cikinsa, musamman in yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir yana rage wannan wahala sosai.