Ranar 29 ga Fabrairu da Masu Koyon Manhaja a Daura

Shirinmu na yau na matasan masarautar Daura ne masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na shagunan koyarwa na cikin gari.

A ɗauki ɗalibin da aka ba aikin manhajar lissafin albashi. Dole manhajar ta san shekarar da Fabrairu ke kai kwana 29. Sai ya zage ya kafa tasa dokar: duk shekarar da 4 ta raba, shi ke nan. To, dokar gurguwa ce. Shekarar 1900 ba ta ga 29 ga Fabrairu ba, 2100 ma ba za ta gani ba, amma 2000 ta gani, domin 400 ta raba ta. Alhali harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da calendar.isleap a ajiye don wannan aikin. Layi ɗaya ne, kuma dubban masana sun daɗe suna gwada shi. Wanda ya bar shi ya koma rubuta nasa, kamar mai gida a bakin rijiyar Kusugu ne da ya tashi haƙa rijiya a tsakar ɗakinsa.

Kada a ɗauka wannan tuntuɓen na 'yan koyo ne kaɗai. Ranar 31 ga Disamba 2008, wasu na'urorin sauraron waƙa na Zune suka ƙame a faɗin duniya, saboda 'yan layukan da ke ƙidaya kwanaki sun kasa wuce kwana na 366. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 kuma, Azure na kamfanin Microsoft ya durƙushe na sa'o'i: wajen lissafa ranar da shekara guda za ta cika, manhajar ta ƙara 1 a kan shekara kawai, ta samo 29 ga Fabrairu 2013, ranar da babu ita a kalanda.

Malamai na da hujja idan suka sa ɗalibi ya rubuta da hannunsa don ya gane yadda abin ke aiki. Wannan karatu ne. Amma manhajar da za ta riƙe albashin ma'aikata ko makin jarrabawar yaran Mai'aduwa da Zango, amanar jama'a ce. A nan, a bar wa Python: jimillar maki aikin sum ne, zaƙulo na ɗaya aikin max, jera sunaye aikin sorted, kwanan wata kuma a bar wa datetime.

Mu haɗu a shiri na gaba.