Jigon Tubar Marowaci: Fim ɗin Scrooged da Tashen Azare

An gina fim ɗin Scrooged na 1988 a kan labarin da Charles Dickens ya wallafa a 1843. A cikinsa fatalwa uku ce ta ziyarci wani shugaban gidan talabijin mai son kai a jajibirin Kirsimeti, aka gauraya tsoro da raha har ya tuba. Bahaushe kuwa ba ya jiran fatalwa. A Azare da sauran garuruwan Katagum, daga goma ga watan azumi yara kan bi gida-gida suna tashe, wanda ya yi musu rowa ya sha zambo a bainar jama'a. Kunyar idon mutane ke lanƙwasa shi. A ganina, mai mayar da labarin zuwa Hausa gara ya sa maroƙi a gurbin fatalwa.