Kati Mai Gida Biyu: Fara Wannan, Sa'an Nan Wancan

Duk malamin da ya taɓa zama da yaro a kan darasin da yaron ya ƙi jini, ko lissafi ne ko gyaran rubutu, ya san cewa tsawa da bulala suna iya zaunar da jiki a kan tabarma, amma hankali yana can waje wurin wasa. A shekarar 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, David Premack, ya ajiye wa yara alewa da na'urar wasa, ya lura da wadda kowannensu ya fi ƙauna; da ya sharɗanta wa masu son wasa cewa sai sun sha alewa za su taɓa na'urar, sai shan alewarsu ya ƙaru. Abin da ya tabbata shi ne, aikin da rai yake so yana iya jan wanda rai ba ya so, muddin an sa shi a bayansa.

Sai dai alkawarin baki iska ne, da an faɗe shi ya wuce, musamman ga yaran da Allah ya jarrabe su da lalurar otizim, waɗanda magana mai tsawo take yi musu nauyi. Saboda haka ne shirin TEACCH, wanda Eric Schopler ya jagoranta a Karolina ta Arewa, jihar kuma ta rungume shi a 1972, ya dogara ga hotuna da jadawalin da ido yake gani. Mafi sauƙin irin wannan dabara kati ne mai gida biyu, hoton littafi a na farko, hoton ƙwallo a na biyu, ta yadda yaro zai ga da idonsa cewa wahalar tana da iyaka, ba sai ya yi ta tambaya ko ya fashe da kuka ba. Ni a ganina sirrin yana ga amana, domin ranar da malami ya hana ƙwallon bayan an gama littafin, katin ya zama takarda kawai.

Akwai haɗari, wajibi ne a faɗe shi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun yi wa yara masu son zane alkawarin takardar yabo, daga baya sai sha'awarsu ga zanen ta ragu. Lada, ke nan, magani ne na aikin da ake ƙyama, ana kuma rage shi sannu a hankali yayin da yaro ya fara ɗanɗana zaƙin iyawa.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Imam Gazali, Allah ya jiƙansa, ya yi nasiha a cikin littafinsa Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, don kada zuciyarsa ta mutu. Almajiri kuwa, tun yana ƙananan surori, yakan ga allon zayyana a hannun yayansa ranar sauka, ya koma ya ɗauki tawadarsa.