Kunyoyin Suhum: Darasi ga Garuruwan Bakin Titi

Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya tsakanin Kumasi da Accra ya san mahaɗar Suhum. A da, a nan babbar hanya ke ratsa tsakiyar jama'a: masu talla, 'yan makaranta da fasinjoji suna tsallakawa, tireloli kuma na tahowa a guje. Wurin ya daɗe da ƙaurin suna wajen cin rayuka.

Sai hukumomin Ghana suka gwada wata dabara mai araha. Aka shimfiɗa ƙananan tuddai a jere a kan kwalta, kamar kunyoyin gona, waɗanda ke sa mota kakkarwa har direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Da aka auna sakamakon daga Janairun 2000 zuwa Afrilun 2001, sai aka ga haɗurra sun ragu da kusan kashi 35 cikin ɗari, mace-mace kuma da kusan kashi 55. Aikin duka bai ci dala dubu 21 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kafa misali da shi a rahotonta na 2004.

Me ya sa ɗan rage gudu ke yin wannan tasiri? A lissafin hukumar, idan matsakaicin gudun motoci ya ƙaru da kashi ɗaya cikin ɗari, haɗarin da ke kai ga mutuwa kan ƙaru da kashi huɗu. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 a awa ya fi fuskantar mutuwa sau huɗu da rabi a kan wanda ta buge tana gudun 50.

Amma fa ba kowane tudu ne magani ba. A garuruwan bakin titi da dama a Najeriya, da zarar mota ta kaɗe yaro, sai matasa cikin fushi su tara ƙasa, duwatsu da gungume su gicciya a hanya. Babu fenti, babu allon gargaɗi. Da dare mai babur ya yi karo da shi, tanka ta taka birki ta kife, motar asibiti ɗauke da mai naƙuda ta yi ta jijjiga.

Na Suhum an auna shi ne kafin a yi, aka kuma ƙirga sakamako bayan an yi. Al'ummar da gudun motoci ya addaba za ta fi cin riba idan mai gari da dattawa suka rubuta wa ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, suka nemi injiniya ya duba wurin, a yi tudu mai faɗi da gangare, a shafa masa fenti mai ƙyalli, a kafa allo tun daga nesa. Direbobi kuwa, ƙa'idar tuƙi a Najeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, ko da tudu ko babu.