Mai Hayar Ciyawa a Bakin Kogin Clarence

A garin Yamba, can arewacin jihar New South Wales ta Ostireliya, inda Kogin Clarence ke zubawa cikin Tekun Fasifik, akwai mutanen da hajarsu ba ta wuce ɗan fili mai ciyawa ba, da soket na lantarki a jikin wani gajeren turke, da kan famfo. Baƙo ne ke zuwa da ɗakinsa. Yana janyo shi da mota, ɗaki mai taya da ake kira karaban, da gadonsa da murhunsa da firijinsa a ciki, ya kafa shi a kan filin, ya biya kuɗin kwana. Mai sansani shi ke kula da filayen da duk abin da ke tsakaninsu, kuma sana'arsa ta fi yadda ake ganinta daga bakin ƙofa wuya.

Mazauna Yamba ba su wuce 6,000 da 'yan kai ba. Gari ne na masunta da jiragen kamun jatan lande, gonakin rake sun kewaye shi ta yamma, garin Iluka kuma na kallonsa daga ɗaya gaɓar. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da zafi ke tashe a can kuma makarantu ke dogon hutu, garin yakan cika ya batse. Haka abin yake a Evans Head da Brunswick Heads da South West Rocks: ƙaramin gari, kogi mai sanyin hali da yara za su iya wanka a cikinsa, teku mai igiya a bayan tudun yashi, sannan sansanin karaban a daidai wurin da ya fi ko'ina kyau. Karaban da motocin kwana masu rajista a ƙasar sun haura 800,000, kuma kowannensu yana buƙatar inda zai tsaya idan rana ta faɗi.

Aikin yana farawa ne daga banɗaki. Mutum ɗari biyu ko uku ne ke amfani da rukunin makewayi da wurin wanka guda, kuma matafiyi zai yafe maka tsadar fili, ya yafe maka sauro, amma ba zai yafe maka ƙazamin wurin wanka ba. Labari zai riga shi isa sansani na gaba, balle yanzu da kowa ke rubuta ra'ayinsa a intanet. Da ƙarfe 10 na safe masu tafiya su tashi. Tsakanin tashinsu da isowar sababbi da rana ne ake yanke ciyawa, a kwashe shara, a duba famfo, a wanke murhun gashi na taron jama'a.

Sai lokacin da tsofaffin baƙi suka fi so, wato isowar sabon shiga. Komawa da baya da karaban a ɗaure fasaha ce mai zaman kanta, domin idan ka murza sitiyari dama, gindin ɗakin hagu zai nufa. Miji na kan sitiyari, mata na baya tana ɗaga hannu, ba ya ganinta a madubi, ita kuma ba ta jin abin da yake faɗa. Maƙwabta sun jera kujeru da kofin shayi a hannu, babu mai cewa uffan. Mai sansanin da ya san aikinsa ba ya jira rai ya ɓaci. Yakan zo ya tsaya daidai tagar direba, ya riƙa ba da umarni ɗaya bayan ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, kamar abin ba komai ba ne. Wasu sansanonin suna da ƙaramar tarakta da ke karɓar ɗakin ta saka shi a gurbinsa. A ganina waɗannan 'yan mintocin su ne ma'aunin gwaninta a sana'ar: ka fitar da mutum kunya a gaban iyalinsa ba tare da ya ji an raina shi ba.

Akwai kuma ilimin waya da bututu. Soket ɗin sansani na amfiya 15 ne, na gida kuma 10, shi ya sa filoginsu ba ɗaya ba ne, ƙafar ƙasa ta na karaban ta fi faɗi. Ba a rasa mai dabarar da zai goge ƙafar da magagari don ta shiga inda ba nata ba, abin da doka ta hana saboda gobara. Makewayin cikin karaban kuwa wani ƙaramin akwati ne da ake zarowa a kai ramin da aka tanada, kuma dole mai sansani ya sa ido kada wani ya juye shi a magudanar ruwan sama. Ba fitina ba ce ta sa shi. A kogunan wannan gaɓa ake kiwon kawa, kuma kawa tana tace duk abin da ruwa ya ɗauko. A 1997 najasar ɗan Adam ta gurɓata kawar Tafkin Wallis da ke kudu da nan, ciwon hanta nau'in A ya kama mutane fiye da 400, ɗaya ya rasu. Tun daga lokacin, duk mai bututun najasa a bakin kogi ya san masu kiwon kawa da hukuma suna kallonsa.

Bishiyoyi ma nasa ne. Baƙo yana son inuwa, amma itacen turare, wanda ƙasar ce asalinsa, yakan saki babban reshe ba iska ba hadari. Sai an kira masani ya duba, a sare abin da za a sare, a jure ƙorafin wanda shekara ashirin yana kwana a ƙarƙashin wannan inuwar. Sannan ga kogin kansa. Rabin baƙin da ƙugiya suka zo, wasu da ƙaramin jirgi a kan mota. Za su tambayi mai sansani lokacin da teku za ta ciko da lokacin da za ta janye, da inda kifi ke cin ƙugiya. Gara ya sani. Mafi muhimmanci, ya san ranar da zai ce wa mutum kada ya fita ta bakin kogi, inda ruwan da ke sauka ke karo da igiyar teku a kan tarin yashi, wurin da ke kifar da jirage har na gwanaye. Da yamma a teburin gyaran kifi, kwasakwasa sun yi layi suna jiran kai da hanji.

Wanda ya san fatoma a zangon fatake zai gane mutumin nan: masauki yake bayarwa, amma abin da ake saya a wurinsa shi ne sanin gari da sasanta mutane. Baƙinsa kashi uku ne, kuma ba sa shan inuwa ɗaya.

Na farko masu wucewa. A cikinsu akwai iyalan hutun Kirsimeti, waɗanda da yawa ke kama fili na baɗi tun ranar da za su tashi bana, fili ɗaya, makonni ɗaya, maƙwabta ɗaya, har yaran da suka haɗu a nan su girma su dawo da nasu. Ba wa wani filin irin wannan iyali, ko da bisa kuskuren kwamfuta ne, babban laifi ne. Akwai kuma tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ake yi wa laƙabi da makiyaya masu furfura. Daga Yuni zuwa Agusta suna gudo wa sanyin jihar Biktoriya su nufo arewa, su zauna makonni, su nemi ragi, su kwanta da wuri. Kuɗinsu ba shi da yawa a kowane dare, amma su ke riƙe sansani a watannin da ba kowa.

Na biyu masu ajiye ɗakinsu a fili ɗaya duk shekara, su riƙa zuwa ƙarshen mako. Dokar jihar New South Wales ta 2002 ta ba su damar kwana har 180 a shekara. Da tafiya ta yi nisa sai ɗakin ya samu rumfa, rumfa ta samu bango, taya ta sace ta nutse a ƙasa. Na uku su ne waɗanda sansanin ne gidansu, ba su da wani: 'yan fansho, masu ƙaramin ƙarfi, wanda aure ya mutu ya fita da akwati. Su wata doka ce daban, ta 2013, ke kare su. Mutum ya sayi ɗakin, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa haya ce. A tsakiyar Janairu, tsohuwar da ke son barci da ƙarfe takwas da matasan da suka zo hutu katangar yadi ce kawai tsakaninsu, kuma idan ƙarfe 10 na dare ya yi, mai sansani ne zai zagaya da tocila ya roƙi a rage murya. Galibi mata da miji ne ke riƙe da aikin, suna kwana a gidan da ke manne da ofis, ƙararrawa na iya kaɗawa kowane lokaci. Har wata ƙaramar sana'a ta tsiro daga wannan: ma'aurata masu yawo daga sansani zuwa sansani suna riƙe wa masu shi don su ma su samu hutu.

Me ya sa talaka ke samun bakin ruwan da attajiri zai biya miliyoyi a kansa? Domin da yawan waɗannan filaye na gwamnati ne, an keɓe su tun da daɗewa don jama'a su yi zango, ƙananan hukumomi ko hukumar amintattu irin Reflections ke gudanar da su. Kafin nan kuma yankin Yamba ƙasar mutanen Yaegl ce, 'yan asalin wurin, waɗanda kotu ta tabbatar musu da haƙƙin asali a yankin a 2015. Masu zaman kansu ma suna nan. A 1979 masu sansani huɗu a garin Ballarat suka haɗa kai suka kafa BIG4 don tallata juna, yanzu sunan ya bazu a faɗin ƙasar. Sai dai manyan kamfanoni suna ta sayen sansanonin iyali, kuma lissafinsu a fili yake: ɗakin katako mai na'urar sanyaya iska yana kawo ninkin abin da fili mai ciyawa ke kawowa. Don haka layin gaba, mai kallon ruwa, sai ya koma ɗakuna, a tura masu karaban da tanti baya, a ba masu tsofaffin rumfuna wa'adi. Ban ga laifin mai neman riba ba, amma a filin jama'a ya kamata a ji kunyar yin haka.

Ƙasar da ke daf da ruwa kuwa ita ruwa ke fara ci. Ranar 28 ga Fabrairun 2022 kogin da ya ratsa birnin Lismore ya kai mita 14.4, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a can, kuma duk kogunan yankin suka tumbatsa. Hanyar shiga Yamba ta nutse, garin ya yanke na kwanaki. A irin wannan lokaci mai sansani yana bin ma'aunin ruwa na garin Grafton da ke can saman kogin, ya haɗa da jadawalin cikowar teku, domin idan ambaliya ta iso a daidai lokacin da teku ta ciko, ruwa ba shi da mafita. Shi zai yanke shawarar lokacin bi ɗaki-ɗaki yana cewa a ɗaura a tafi. Idan ya yi gaggawa ya kori kuɗinsa, idan ya yi jinkiri hanya ta rufe. Masu wucewa cikin sa'a guda sun tashi. Ɗakunan da tayarsu ta nutse ba sa motsi, kuma mazauna dindindin, waɗanda suka fi kowa rauni, su ne ba su da wurin zuwa. A kudu kuwa wutar daji ce barazanar: ranar 31 ga Disamban 2019 kimanin mutum 4,000 suka fake a bakin ruwa a Mallacoota, da yawansu 'yan hutu, sai da jirgin sojan ruwa ya zo ya kwashe wasunsu.

Bayan ambaliyar 2022 sansanonin da suka tsira sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka lalace. Ruwa ya sake dawowa a ƙarshen Maris, hutun Ista kuma ya faɗo a tsakiyar Afrilu, filaye da ɗakuna an riga an kama su tun bara, an biya kafin alƙalami. Gidajen wucin gadi da gwamnati ta kafa a Evans Head da Wardell da Brunswick Heads sai daga baya suka samu. A tsakanin nan, mutumin da ke bayan kanta da littafin ajiyar wuri a gabansa shi ne ya riƙa ɗaga waya, ko ya ba iyalin da suka biya haƙuri, ko ya gaya wa wanda ba shi da gida ranar da zai tashi.